Wai mu ma a bar kowa ya riƙe bindiga kamar Amurka?

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi sai ƙanin wani abokina ya miƙo min waya ya ce Yaya don Allah kalli wannan. Bidiyon wani Bature ne a Amurka ya shiga kanti yin cefane, gajeren wando da silifas, ga doguwar bindiga rataye a kafaɗa kamar mai shirin fita farauta, kuma babu wanda ya ko ɗaga kai ya kalle shi. Yaron ya ce ka ga ƙasar da ta san abin da take yi, shi ya sa ba ka taɓa jin an ce an shiga ƙauye an kwashe mutane a can ba, ai kowa da tasa. Nan take majalisa ta ɗauka, wannan ya ce wallahi gaskiya ne, wancan ya ce da mu ma haka muke da tuni an gama da ɓarayin daji.

Ban ce komai ba a wajen don na san in na buɗe baki za a ce na fiye iyayi, amma abin ya tsaya min a rai har na kasa barci.

Ni dai a ganina kallon kitse muke yi wa rogo. Yawan bindigar da ke hannun Amurkawa ba wata hikima ba ce da magabatansu suka zauna suka tsara don a samu zaman lafiya, abu ne da ya taru a hankali daga yaƙi da bauta da kasuwanci da kuma siyasa, kuma su kansu masu abin yau fiye da shekara hamsin suna ta rigima a kai sun kasa fita. Wanda zai ce mu kwafo wannan tsarin ya kamata ya fara sanin yadda aka yi aka zo nan.

Jimla ɗaya da ta hana su sakat

Duk rigimar a kan jimla ɗaya take, mai kalmomi 27 kacal, wadda aka saka a kundin tsarin mulkinsu a 1791, ita ce suke kira gyara na biyu. Ma'anarta a taƙaice: tunda ƙasa mai 'yanci tana buƙatar rundunar mutanen gari mai kyakkyawan tsari domin tsaronta, to kada a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa.

Ku lura da farkon jimlar, don masu tallar bindiga ƙarshen kawai suke karanta mana. Runduna aka ce, kuma mai tsari.

Dalilinsu a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Yaƙin neman 'yancinsu da Ingila ya ɓarke ne a watan Afrilun 1775 lokacin da sojojin sarki suka taso daga Boston za su je garin Concord su ƙwace makamai da albarushin da mutanen gari suka tara. Don haka bayan sun ci yaƙi ba su yarda da babbar rundunar soja ta dindindin ba, suna ganin da ita sarakuna ke danne talaka. Sai suka ce mazan gari su ne sojan ƙasa. A 1792 suka yi doka cewa duk namiji farar fata, ɗa ba bawa ba, mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, dole a rubuta sunansa a rundunar yankinsa kuma ya nemi bindiga da harsasai da kuɗinsa. Akwai ranar fareti, a kira suna, a duba makamin kowa, wanda bai zo ba a ci shi tara. Wato dai bindigar nan nauyi ce aka ɗora maka kamar haraji, kuma hukuma ta san wa ke da ita.

Kuma a wancan zamanin ma akwai dokoki. A Boston an hana ajiye bindiga ɗure a cikin gida tun 1783 saboda gobara. Lokacin yaƙin, wanda ya ƙi rantsuwar biyayya ga sabuwar gwamnati ƙwace makaminsa ake yi. Sannan wace irin bindiga ma ake magana? Irin tamu ce ta toka, harba-ka-ruga, wadda za ka zuba albarushi ta baki ka tura da sanda, ƙwararren soja da ƙyar ya yi harbi uku a minti ɗaya. Irin wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan sallah hayaƙi ya turnuƙe yara su toshe kunne. A 2017 a Las Vegas mutum ɗaya daga tagar otal ya saki harsashi sama da 1,000 cikin kamar minti goma, ya kashe mutum 58 a daren. Da jimla ɗaya ake so a hukunta waɗannan makaman biyu.

Wa aka yarda ya riƙe?

Nan ne wajen da ya fi damuna, kuma shi ne ba a faɗa a majalisa. Tun farkon fari haƙƙin bindiga a Amurka ba na kowa ba ne, kuma ba a ɓoye hakan ba. Tun 1640 yankin Virginia ya ware baƙar fata daga cikin waɗanda za a ba makami. A jihohin kudu inda bauta ta yi ƙarfi, aikin waɗannan rundunonin mutanen gari ya haɗa da sintirin dare a kan bayi, a shiga bukkokinsu a yi bincike, a kamo wanda ya gudu, a murƙushe duk wani yunƙurin tawaye. A yamma kuma bindigar ita ce aka kori 'yan asalin ƙasar da ita daga filayensu, ƙabila bayan ƙabila.

A 1857 da kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, cikin hujjojin da alƙalin alƙalai Roger Taney ya kawo har da cewa in aka ce su 'yan ƙasa ne to za su samu damar yawo da makami duk inda suka ga dama. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, jihohin kudu suka yi maza suka kafa dokokin hana su mallakar bindiga, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin baƙar fata kuma suna bi gida gida da dare suna ƙwacewa.

Abin da ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne na 1967. Matasan baƙar fata na ƙungiyar Black Panther a Kalifoniya suka karanta doka suka ga ai ta halatta yawo da bindiga a fili, sai suka fara bin motocin 'yan sanda da bindigoginsu suna sa ido kada a ci zarafin mutanensu, har ranar 2 ga Mayu suka shiga ginin majalisar jihar a Sacramento da makamansu a hannu. Ba a rufa wata uku ba aka yi dokar hana yawo da ɗurarriyar bindiga a jihar. Gwamnan da ya sa hannu shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama gwarzon masu son bindiga, kuma NRA, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin riƙe bindiga a Amurka, ba ta yi adawa da dokar ba. To ka gani, da bindigar ta koma kafaɗar wanda ba a so, nan da nan aka tuna ashe ana iya yin doka.

Shi ya sa da na ga Baturen nan na cikin bidiyo yana tura keken cefanensa hankali kwance, tambayar da ta fara zo min ita ce da ni ne na shiga kantin nan da wannan bindigar, da fatata da gemuna, minti nawa zan yi kafin a kira 'yan sanda.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Wannan tarihin shi ne kuma hujjar wasu baƙar fata da ke goyon bayan bindiga. 'Yar jarida Ida B. Wells, wadda ta yi yaƙi da kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe a ƙarshen ƙarni na 19, ta shawarci kowane gidan baƙar fata ya ajiye bindiga tunda doka ta ƙi kare su. Shi kansa Martin Luther King da aka jefa bam gidansa a 1956 ya nemi lasisin riƙe bindiga, aka hana shi. Wannan hujja ce mai nauyi kuma zan dawo kanta, don ita ce ta fi kama da halin da muke ciki.

Kaboyi da 'yan kasuwa

Yawancinmu a fim muka san Amurkan da, kaboyi a kan doki, hula mai faɗi, fistol a ƙugu, a shiga mashaya a yi musu kaɗan sai harbi. Abin mamaki garuruwan da aka fi yin suna da su a wannan harka suna da dokar da ta fi ta yau tsauri. A Dodge City da Tombstone in ka shigo gari sai ka ajiye bindigarka a otal ko ofishin ɗan doka, ka karɓa in za ka fita, kamar yadda ake ajiye takalmi a ƙofar masallaci. Shahararren artabun nan da aka yi a Tombstone a watan Oktoban 1881, wanda aka yi ta finafinai a kansa, ya tashi ne lokacin da masu tsaron gari suka je karɓe makaman wasu da suka karya wannan dokar.

Masu masana'anta su ne suka ci ribar tatsuniyar. Samuel Colt ya yi rajistar fistol ɗinsa mai juyawa a 1836, ya kafa masana'anta a Hartford, ya mutu a 1862 yana cikin manyan attajiran ƙasar. Kamfanin Winchester ma a jihar Connecticut yake. Yaƙin basasa ya sa an koyi ƙera bindiga da yawa cikin sauri da araha, to da yaƙi ya ƙare gwamnati ta rage saye, wa za a sayar wa? Dole a nemo kasuwa a cikin gida, a shawo kan manomi da ɗan birni da yaro mai tasowa cewa namiji bai cika ba sai da ita. Kuma bindiga ba burodi ba ce da za ta lalace a sake saye gobe, guda ɗaya sai ta yi shekara ɗari, don haka in kana so ka ci gaba da ciniki sai ka sa mai ɗaya ya ji yana buƙatar ta biyu da ta biyar. Babu abin da ke yin wannan aikin kamar tsoro.

Wannan salon bai mutu ba. Bindigar da aka kashe yara 20 da manya 6 da ita a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012, a wannan jihar dai ta Connecticut, an taɓa tallarta da cewa riƙe ta ne ke dawo maka da shaidar zama namiji. Iyayen yaran sun kai ƙarar kamfanin Remington mai ƙera bindigar kan irin wannan talla, a 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 73.

Yadda ƙungiyar koyon harbi ta rikiɗe

NRA da ake ji yau kamar dodo, wasu tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta a New York a 1871 saboda takaicin yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. Kusan shekara ɗari harkarta gasar harbi ce da farauta da koyar da yadda ake riƙe makami lafiya. A 1934, bayan 'yan daban zamanin Al Capone sun addabi Chicago da bindigogi masu aman wuta, gwamnati ta sa harajin dala 200 da rajista a kan irin waɗannan makamai, kuma shugaban NRA na lokacin ya faɗa wa majalisa cewa shi bai yarda kowa ya riƙa yawo da bindiga barkatai ba, ya kamata a taƙaita sai da lasisi. Bindigar da aka kashe shugaba Kennedy da ita a 1963 ta gidan waya aka yi odarta daga wata talla a mujallar NRA ɗin. Bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 aka yi dokar da ta hana irin wannan ciniki.

Juyin ya zo ne a 1977 a taron shekara na ƙungiyar a Cincinnati, inda masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter suka kwana suna ƙuri'a suka tumɓuke tsofaffin shugabanni. Daga ranar NRA ta zama injin siyasa, tana ba 'yan majalisa maki kamar 'yan makaranta, wanda ya goyi bayan ko da ƙaramar doka ce a sa shi gaba sai ya faɗi zaɓe. Suka yi shekara talatin suna gina fassarar cewa jimlar nan ta 1791 haƙƙin mutum ɗaya ce, babu ruwanta da wata runduna. Warren Burger, tsohon alƙalin alƙalai wanda kuma ɗan ra'ayin riƙau ne, ya fito talabijin a 1991 ya kira wannan fassara damfara. Amma a 2008 a shari'ar Heller kotun ƙoli ta amince da ita, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Ƙuri'ar mutum ɗaya kenan. A 2022 kotun ta ƙara faɗaɗa abin zuwa yawo da ita a waje.

Wato abin da ake nuna mana a matsayin gadon kaka da kakanni, a shari'ance bai girmi wayar iPhone ba.

Sakamakon kuma ga shi a ƙasa. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta 2017 ta ce akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato 120 ga kowane mutum 100, sun fi mutanen yawa. Ƙasar da ke bi musu ita ce Yaman mai fama da yaƙi, ita ma ba ta kai rabinsu ba. Kuma ba kowa ke da ita ba kamar yadda yaron nan ya ce, kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ne, wasu ƙalilan ne suka tara da yawa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar da ba yaƙi ake yi a cikinta ba, sama da 130 kenan kullum. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasansu. Yaran firamare ana koya musu yadda za su kashe fitila su ɓuya a bayan tebur su yi shiru in mai harbi ya shigo.

Ai ba bindiga ke kisa ba, mutum ne

Wannan ita ce amsar farko da za a ba ka, kuma gaskiya ce rabi. Eh mutum ne ke kisa, amma mutum da me a hannu?

Ku tuna faɗan da kuka gani na ƙarshe a kan titi, mai Keke Napep ya goga wa mai mota, aka fito ana zage-zage har da cin kwala, mutane suka taru suka raba, kowa ya tafi yana huci, bayan awa ɗaya ya manta. Yanzu ku sa wa kowannensu fistol a aljihu. Ku sa ta a gidan da ake rabon gado, da gonar da ake rikicin iyaka, da rumfar zaɓe, da gidan kallon ƙwallo ranar da Madrid da Barcelona suka haɗu. Zuciya minti biyu take tashi ta sauka, sanda da wuƙa suna ba mutane damar shiga tsakani, kunamar bindiga ba ta ba kowa wannan damar.

Kuma fiye da rabin waɗancan 48,830 ba wani ne ya harbe su ba, su suka kashe kansu. Mutum ya shiga ƙunci na dare ɗaya, da babu makamin a durowa wataƙila da gari ya waye ya samu wanda zai yi magana da shi. Wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyo.

Ai mugu ba ya bin doka, sai na kirki ya tare shi

Mako ɗaya bayan Sandy Hook shugaban NRA na lokacin Wayne LaPierre ya ce abin da kawai ke tsayar da mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga. Maganar ta yi daɗin ji kuma wani lokacin hakan na faruwa, ba zan musa ba. Amma a Mayun 2022 a garin Uvalde na jihar Texas, jihar da ta fi kowace alfahari da bindiga, wani matashi ɗan shekara 18 da ya sayi bindigoginsa ta halal kwanaki kaɗan bayan ya cika shekarun ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a wajen, da horo da sulke da komai, suka yi minti 77 kafin su shiga ajin, yara na ciki suna kiran waya suna roƙo. In waɗannan sun ja da baya saboda sun san irin makamin da ke bayan ƙofa, ni da kai da muka saya jiya fa?

Sannan mugun a ina yake samun tasa? Yawanci daga ta halal take farawa, a sace a mota ko a gida, ko wani mai takarda mai kyau ya saya ya miƙa. Duk inda ta halal ta yi yawa ta haram ma araha take yi.

Wasu ƙasashen da irin wannan musiba ta same su ba su tsaya jayayya ba. A 1996 wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur ta Ostireliya, firaminista John Howard, shi ma ɗan ra'ayin riƙau, cikin makonni ya haɗa kan jihohi aka hana manyan bindigogi masu sarrafa kansu, gwamnati ta saye kusan 650,000 ta lalata. Birtaniya ta hana ƙananan bindigogi bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane a wannan shekarar. New Zealand ta yi nata bayan an kashe masallata 51 a Christchurch a 2019. A Amurka kuwa bayan Sandy Hook, ƙudirin faɗaɗa binciken mai saye kawai, ba ƙwace ko ɗaya ba, ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa ya mutu saboda 60 ake buƙata. Ba don ba su ji zafin yaran ba ne, abin ne ya riga ya fi ƙarfinsu, miliyan 393 ba ta tattaruwa. Ƙofa ce da in ka shiga ba ka fita.

To manomin Zamfara fa?

Nan ne bakina ke yin nauyi. Wanda ke zaune a birni yana shan shayi ba shi da bakin da zai ce wa mutumin da aka kashe ƙaninsa a gona, aka sa wa ƙauyensu harajin girbi, aka kira jami'ai ba su zo ba sai da gari ya waye, wai ya zauna hannu rabbana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hujjarsa ita ce dai hujjar Ida B. Wells, doka ta ƙi zuwa. Kuma ba talaka kaɗai ke cewa mutane su kare kansu ba, Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018, Aminu Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina, a Yunin 2022 kuma, watan da kotun ƙolin Amurka ta yi wancan hukuncin na yawo da bindiga a waje, gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, hedikwatar tsaro ta ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Ban ce kare kai laifi ba ne, addini ma bai ce ba. Abin da nake cewa shi ne kare gari daban, buɗe kasuwar bindiga daban, kuma Amurka ta yau misalin na biyun ce. In ma akwai abin ara a tarihinsu to a farkon jimlar nan yake, wajen da aka ce mai tsari: a san sunan kowa, a san makamin da ke hannunsa, a san wa yake ba shi umarni, a san wa zai hukunta shi in ya yi ba daidai ba. Kato da gora a Maiduguri sun yi tasiri tun 2013 saboda suna aiki tare da soja kuma sun san 'yan unguwarsu. Rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024 ƙoƙari ne na bin wannan hanyar, ko sun yi kyau ko ba su yi ba wannan wata muhawarar ce, amma aƙalla akwai wanda za a tuhuma.

Mun kuma ga ɗaya hanyar da idonmu. Duk wanda ya bi yadda rikicin Zamfara ya faro ya san rawar da 'yan sa-kai marasa linzami suka taka, a kama mutum a kasuwa a yanke masa hukunci a take saboda kamanninsa ko harshensa, 'yan uwansa su shiga daji su dawo da ramuwa a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tambayar nan ta Amurka, wa aka yarda ya riƙe, ita ce za ta biyo mu har gida. In aka buɗe lasisi gobe, Bafulatanin ruga zai samu? In ya samu maƙwabcinsa zai yarda? A Filato da kudancin Kaduna wane ɓangare za a fara ba? Kuma kuɗin AK-47 ɗaya ya fi abin da ƙaramin manomi ke samu a damina, don haka waɗanda za su fara cika layi su ne masu kuɗi da 'yan siyasa masu yara, mu kuma mun san me ake yi da yara a shekarar zaɓe.

Sai batun riƙon amana. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya taɓa nuna cewa makamai sama da 178,000 ne ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda zuwa ƙarshen 2018, ciki har da AK-47 kusan 88,000. Wannan fa rumbu ne mai ƙofa da kwaɗo da littafi da mai gadi. Ga kuma waɗanda suka malalo ta Sahara tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Mu da muke da dokar makamai tun 1959 wadda a takarda ta fi ta Amurka tsauri nesa ba kusa ba, matsalarmu ba ta taɓa zama ƙarancin bindiga ba, ɓarayin daji ba su taɓa kukan rashinta ba. In an ƙara miliyoyi a ɗakunan kwana da shaguna da bayan babura, ɗan bindigar da ya shigo ƙauye da mutum hamsin ba shanu kaɗai zai kora ba.

Kuma maganar cewa bindiga ce ta hana satar mutane a ƙauyukan Amurka, to ai Japan ma ba a yi, Ingila ma ba a yi, kuma a Ingila ko yawancin 'yan sandan sintiri ba sa ɗaukar bindiga. Abin da suka haɗa shi ne in ka kira ana zuwa, in an kama mutum ana kai shi kotu, kotu kuma tana yanke hukunci.

Da safe na tura wa yaron nan rabin abin da na rubuta a nan ta WhatsApp. Ya karanta, ya yi shiru kamar minti ashirin, sai ya turo min murya ya ce Yaya na ji duk bayaninka kuma ban ƙi ba, amma kakata tana ƙauye ta wajen Batsari kuma daren jiya ma a daji suka kwana. Na fara rubuta amsa na goge har sau uku, daga ƙarshe dai na tambaye shi ko akwai motar da ke zuwa can ranar kasuwa, mu haɗa kuɗi a ɗauko ta.